Alhaji Imam da Inuwarsa

Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja, littafin Alhaji Abubakar Imam da aka buga a 1934, ya san abin da ya fitar da Alhaji Imam daga Kwantagora, watau neman ruwan da zai warkar da ɗan Sarki, ya fid da Liman kunyar da aka ba shi a fada. Amma galibin labarin a kan rigimarsa da Malam Zurke ɗan Muhamman yake.

Wani masani mutumin Suwizalan, Carl Jung, wanda ya rasu a 1961, ya ce akwai waɗansu siffofi da ke cikin zuciyar kowane ɗan Adam, su ne ke fitowa cikin mafarki da tatsuniya. Ɗaya daga cikinsu ya kira ta inuwa, watau mugun halin da mutum ke da shi, amma ba ya yarda nasa ne, sai ya riƙa hango shi jikin wani.

To, Zurke shi ne inuwar Alhaji. Duk garin da suka gamu sai ɗaya ya cuci ɗaya, wancan kuma ya rama. Alhaji yana ba da labarin kamar shi aka zalunta, alhali kuwa wajen ƙarya da wayo irin na Gizo Zurke bai fi shi da kome ba. Sai da suka shirya sa'an nan ya fuskanci abin da ya fito nema.

A nan kuwa mawallafin ya yi gaggawa. Alhaji ya daina gaba da Zurke, amma ba a ji inda ya zauna ya tuhumi kansa ba.