Ina Makiyayi a Littafin Harari?

Na karanta Sapiens na Yuval Noah Harari a fassarar Faransanci da ta fito a 2015, ina bin sa da daddare idan na tashi daga aiki a gidan rediyo. Littafi ne mai daɗin karatu, kuma marubucin ya iya jan zaren labari. Ya raba tafiyar ɗan Adam gida uku: lokacin da harshe da tunani suka buɗe, kimanin shekara 70,000 da suka wuce, sai fara noma wajen shekara 12,000, sai zamanin kimiyya da ya haifi masana'antu, wanda bai fi shekara 500 ba.

Dole a yaba masa a kan abu guda. Bai yarda cewa kowane mataki ci gaba ne ba. A ganinsa manomin farko ya fi mafarauci wahala: aikinsa ya ƙaru, abincinsa ya koma iri ɗaya, cuta ta same shi saboda cunkoso. Duk wanda ya taɓa yin noman farko a gonar gero cikin rana ba zai yi masa musu da sauri ba.

Inda muka raba hanya da shi, shi ne wajen makiyayi. Littafin ya ɗauko mutum daga farauta ya zaunar da shi a gona, daga gona ya kai shi birni, daga birni sai masana'anta. Mai bin dabba da sanda bai samu wani wurin kirki ba. Alhali a Sahara kiwo ne ya riga noma. Masu tonon tarihi sun nuna ana kiwon shanu a can wajen shekara 7,000 da suka wuce, lokacin da hamadar take da tafkuna da ciyawa, kuma zanen shanun yana nan a duwatsun Ayar. Geron da muke ci kuwa, tsoffin ƙwayoyinsa na noma da aka samu a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali ba su wuce shekara 4,500 ba. Ashe a nan saniya ce yayar gero.

Kuma yawon bai ƙare ba don an gina masana'anta. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, an kuma shafe shekaru ana kai shi Faransa yana ba da wutar lantarki. A jahar Agadas ɗin nan dai, duk kaka ayarin raƙuma na ratsa Tenere zuwa Fachi da Bilma, su kai gero su dawo da gishiri da dabino. Mahaƙar Akokan an rufe ta a 2021, ayarin kuwa yana nan yana tafiya. To, wanne ne ya shuɗe a cikinsu?

A nan Ibn Khaldun ya fi Harari gani. A Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya ɗauki mutanen daji da na birni a matsayin masu buƙatar juna. Na daji suna da haɗin kai da juriya, su ci birni, su kafa daula, jin daɗi ya sassauta jikokinsu, sai wasu su taso daga daji su karɓe. Shi ma ba a rasa abin gyara a maganarsa, domin bai ga injin tururi ba, amma bai share makiyayi daga lissafi ba.

Wani zai ce wannan gardamar masu karatu ce kawai. Ni ba haka nake ji ba, saboda ina karɓar kiran masu sauraro. Duk damina sai an kira ana kukan an nome burtali ko an toshe mashaya. Dokar kiwo ta 2010 a Nijar ta amince cewa yawo haƙƙin makiyayi ne, amma jami'in da aka koya wa tun a lakwal cewa makiyayi ragowar zamanin da ne, da wuya ya tsaya kan wannan doka da zuciya ɗaya. Zai ga kamar yana jinkirta abin da dole ya faru ne.

Ina ba da shawara a karanta Sapiens, musamman babinsa na kuɗi da yadda yarda da juna ke riƙe kasuwa. Amma mai karatu ya ajiye Muƙaddima kusa da shi, in da hali kuma ya je Ingal lokacin bikin gishiri a watan Satumba, ya zauna da Fulani da Abzinawa, ya tambaye su yadda suke lissafin ruwa da ciyawa.