Ina Akushi Ya Shiga? Sharhi Kan Matsayin Abincin Sallah a Rubuce-rubucen Hausa

Duk wanda aka ce ya rubuta wani abu game da Sallah a ƙasar Hausa, ko ɗalibi ne a ɗakin jarrabawa ko marubucin littafi, za ka tarar alƙalaminsa ya miƙe sai ƙofar fada. Zai kawo maka dawaki da kayan adonsu, da 'yan lifidi, da kakaki da algaita, da yadda hakimai ke jahi a gaban sarki. In ya gama wannan sai ya juya kan riguna da rawuna. Abinci kuwa jimla ɗaya ce rabonsa, watau an ci an sha an yi murna. Manufar wannan ɗan sharhi ita ce in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu cewa wannan jimla guda ta binne rabin Sallah, kuma rabin da ta binne shi ne wanda ya fi shafar kowa da kowa.

Kada mai karatu ya ɗauka raina hawa nake yi. Hawa tsohon abu ne mai daraja. Littafin Tarihin Kano ya lissafa kakaki da figini da yin Idi a Shadakoko cikin abubuwan da aka fara a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A watan Disamba na 1924 babu wanda zai yi mafarkin abin da ya faru shekara ɗari bayan nan, domin a Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. To, hawa ya sami haƙƙinsa. Amma fa a garin da ke da sarki ake yin sa, kuma cikin 'yan sa'o'i an watse. Tukunya kuwa babu gidan da ba a ɗora ta, daga birni har ƙauyen da bai taɓa ganin lifidi ba.

Abinci magana ne

Tun daga sunayen watanni Bahaushe ya nuna mana inda hankalinsa yake. Muharram shi ne watan cika-ciki. Rajab watan azumin tsofaffi, Sha'aban watan sha-ruwan-tsofaffi, sai watan azumi, sai na ƙaramar Sallah, can kuma Zulhajji watan layya. Mutanen da suka raɗa wa watanninsu suna da ci da sha da kame baki, ai bai kamata mai nazarinsu ya tsallake madafi ba.

Mu dubi ƙaramar Sallah. Kafin a tafi Idi magidanci zai auna zakkar fidda-kai, mudun Annabi huɗu na hatsin da aka fi ci a garin, a kan kowane mutum da yake ciyarwa, har jariri. Ma'anar wannan awo ita ce kada hayaƙi ya tashi a wani gida ranar Sallah, wani gidan kuwa murhu a sanye. Sa'an nan an so mutum ya ci wani abu kafin ya fita masallaci, don ya nuna azumi ya ƙare. A babbar Sallah kuwa akasin haka ake so: ya kame baki sai an sauko, in da hali ya fara da hantar abin da ya yanka. Ga salloli biyu, raka'a biyu biyu, amma lokacin sa loma a baki ya isa ya bambanta su.

Bayan an sauko ne ainihin zancen ke farawa. Mata sun kwana suna aiki, an tuƙa tuwon shinkafa, an yi miyar taushe, an soya waina ko funkaso. Sai a jera kwanuka, uwargida ta tsaya a kansu tana rabo. Kwanon surukai daban yake da na maƙwabta, na malamin unguwa daban da na ƙawa. Yawan naman da ke cikin miya, da irin kwanon da aka zuba, da yaron da aka zaɓa ya kai, duk saƙo ne wanda mai karɓa zai karanta sarai ba tare da an ce masa uffan ba, don Hausawa sun ce tuwon girma miyarsa nama. Ɗan aike ba ya dawowa hannu banza, akwai tukuici, kuma sau da yawa kwanon ba ya komowa wayam. Gidan da aka saba kai wa tuwo bana aka tsallake shi, to, a bincika, akwai magana. Matan da suka yi wata uku ba sa ga-maciji, kwano ɗaya na iya shirya su ba tare da an tara dattawa ba. An ce zumunta a ƙafa take. Ranar Sallah dai ƙafar da akushi a ka take tafiya.

Haka abin yake a sauran hidimomi. Saurayi na kai kayan shan ruwa gidan surukai da azumi, iyayen amarya na kai gara da alkaki da nakiya da dubulan, maijego na shan kunun kanwa. Kowane ɗaya akwai mai bayarwa, da mai karɓa, da lokacin da ya dace, da abin da za a faɗa a gari in ba a yi ba.

Misalin cika-ciki

Bari in tsaya kan misali ɗaya wanda a ganina ya fi kowanne fito da abin da nake nufi. Ranar layya ba a cinye rago duka. Akan fara da kayan ciki, a babbake kai da ƙafa, a soya sauran nama a raba wa dangi da maƙwabta da mabukata, domin a mazhabar Malikiyya ba a sayar da kome na layya, ko da fatar ce. Amma a gidaje da yawa uwargida kan ware wani yanki, musamman jelar ragon, ta busar ta adana. Ba za a taɓa shi ba sai wata guda ya zagayo, wajen tara da goma ga Muharram, sa'an nan a sa shi a miyar cika-ciki. A daren kowa zai ci har ya ture, akwai ma camfin da ke cewa wanda bai ƙoshi ba a wannan dare ba zai ƙoshi ba har shekara ta ƙare. A cikin watan ne kuma taubasai ke bin juna kuɗin shara, ana barkwanci ana dariya.

Dubi abin da wannan 'yar jela ta yi. An yanka ragon a watan ƙarshe na shekara, an ci ƙarshensa a watan farko na sabuwa. Watau mace ta ɗauki tsohuwar shekara ta ƙulla da sabuwa a cikin tukunya, tana fatan albarkar waccan ta tsallako cikin wannan. Da wani mawaƙi ne ya zo da irin wannan hikima a baiti, da mun cika takardu muna kiranta alamci ko kinaya. Da yake a madafi aka yi ta, sai muka wuce ko waiwaye babu.

Na san wani zai ce ai malamai sun yi bayani cewa abin da aka sunnanta a Tasu'a da Ashura shi ne azumi, batun ƙoshin shekara kuwa camfi ne. Haka ne, kuma wannan hurumin malaman addini ne. Aikin ɗalibin al'ada shi ne ya rubuta abin da mutane ke yi da abin da suke nufi da shi. In ma za a bar wata al'ada, gara a bar ta bayan an san ko mece ce.

Me littattafanmu suka yi?

Ƙagaggun labaranmu na farko sun fito ne daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. In ka duba uku daga cikinsu za ka ga abu ɗaya ya haɗa su. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tauraron barin gida ya yi ya shiga duniya neman ruwan magani. Ganɗoki na Bello Kagara yaƙi ne da tafiya har ƙasashen aljannu. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sace yaron aka yi, bauta ta ƙetare hamada da shi. Duka labaran fita ne, kuma duk waɗanda suka ci gasar maza ne. Namiji kuwa a zaure yake karɓar akushi, bai ga yadda aka yi rabon ba. Ban ga laifinsu ba, kowa abin da ya sani yake rubutawa. Laifin namu ne da muka ɗauki hanyar da suka bi tamkar ita kaɗai ce hanya.

A rubutacciyar waƙa ma, abin sha ya fi samun shiga baiti idan za a yi hani da shi, kamar yadda Mu'azu Haɗeja ya yi a Waƙar Giya. Wa'azi ne mai kyau. Sai dai kunun tsamiyar da ya raya mai azumi kwana talatin shi ma ya cancanci a ce masa sannu.

Littattafan al'ada da muke haddacewa don jarrabawa sun ɗan taɓuka, amma yawanci lissafi suke yi. Za a ce abincin Hausawa su ne tuwo da fura da dambu da ɗanwake, a kawo yadda ake yin kowanne, a rufe babi. Can a wani babin a kawo bukukuwa. An raba abinci da ranarsa, an raba shi da mai aikawa da wanda aka aika wa. Wannan daidai yake da a ba ka jerin kalmomi a ce an koya maka harshe.

Abin kunya a gare mu shi ne, littafin da ya fi barin mace Bahaushiya ta yi bayanin zaman gida da bakinta, Baturiya ce ta rubuta shi. Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, littafin ya fito da Turanci a 1954. A ciki tsohuwar ta yi zancen aure da suna da ƙawance da kyaututtukan da ke yawo tsakanin gidaje. Abin da Baturiyar ta yi bai wuce ta zauna ta saurara ba.

Da mata suka ɗauki alƙalami, tun daga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980, sai ƙofar cikin gida ta buɗe. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, ƙuntatawar miji wajen cefane na cikin abin da ke nuna zaluncinsa, kuma da sayar da abinci Rabi ta riƙe 'ya'yanta bayan ya kore ta. A nan tukunya ta yi aiki a cikin labari, in ka cire ta labarin zai rame. Amma da yawa daga littattafan soyayya da suka biyo baya sun faɗa wani ramin. Za a cika shafi da sunayen girke-girken ƙasashen waje da lemuna iri-iri a kan tebur, don kawai a nuna gidan masu kuɗi ne. Wannan ma lissafi ne, ya sake riga kawai. Mai karatu zai tashi da yunwa, amma bai ƙaru da sanin kowa a labarin ba.

Abin da ke gabanmu

Dalilin da ya sa na ga abin na gaggawa ne shi ne zamani na sauya tukunya. Inda firji ya shiga, busar da jela ya zama ba dole ba. Kula ta ture akushi da faifai. Wani ɗan'uwan ma yanzu ta waya yake aiko da barka da Sallah, kuɗi su shigo babu yaro babu tukuici. Ba na cewa a koma jiya, in kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Amma duk al'adar da ta tafi da kalmominta take tafiya, kuma masu riƙe da kalmomin nan tsofaffi ne waɗanda ba sa rubutu.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana da ke shirin rubuta kundin kammala digiri. Kafin kowa ya ruga fada neman tarihin sarauta, wani ya tsaya a tsakar gida. Ya tambayi kakarsa gida nawa take kai wa tuwo, wa ake fara zuba wa, wane yanki na rago ake kai wa surukai, me ake yi ranar Takutaha a Kano, me ake dafawa da sallar Gani a Daura ko Gumel ko Haɗeja, kuma ina aka bambanta da Sakkwato ko Damagaram. 'Yan'uwanmu mata sun fi mu damar wannan aiki, domin babu labulen da zai tare su. Malamanmu kuma muna roƙo su karɓi irin wannan batu da daraja ɗaya da nazarin waƙar fada.

Masu sha'awar ƙaga labari a wannan ƙungiya tamu, ga shawara. In kana so ka nuna kishiyoyi sun ɓata, ba sai ka sa su dambe ba. Ka nuna mana ranar Sallah, ka nuna kwanon da aka mayar ba a buɗe ba. Duk Bahaushen da ya karanta zai gane, har ya ji abin a ransa.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To, shi ma tuwon ba don ciki kaɗai ake tuƙa shi ba, musamman na ranar Sallah. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, masu wannan waƙa kuwa suna nan da ransu a gidajenmu. Allah ya ba mu ikon zama mu saurare su, amin.