TAURARON DA SANYI BA YA KAMAWA

A zaman karatun da muka yi na baya-bayan nan a Sakkwato, wani matashi daga cikin 'yan'uwanmu ya karanto mana babi biyu na littafin da yake rubutawa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin littafin bai fito ba tukuna, kuma abin da zan faɗa ba shi kaɗai ya shafa ba. Tauraron labarin ɗan Mabera ne da ya sami gurbin karatu a Ingila, ya sauka Landan cikin Disamba. Washegari da la'asar sakaliya sai ga shi a wani lambu sanye da farar shadda da hula zanna, yana tafe da budurwa, dusar ƙanƙara tana zuba a kansu kamar auduga. Suka zauna kan benci suka sha hira har sa'a biyu. Aka tafa wa marubucin, ni ma na tafa, don Hausarsa tana da zaƙi. Amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Jama'a, ɗan Sakkwaton da ya tashi cikin zafin da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, wanda in jaura ta buso ta wajen Kwalkwalawa cikin Janairu ba ya fita asuba sai ya ƙudundune da bargo, shi ne zai zauna sa'a biyu cikin ƙanƙara da shadda ɗaya, ko atishawa bai yi ba? Ban da haka, a ƙarshen Disamba rana kan faɗi a Landan kafin ƙarfe 4, ba ta kuma fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, alhali a nan sai ta wuce ƙarfe 6 take faɗuwa. Ashe ke nan masoyan namu cikin duhu suka yi yawancin hirarsu. Ita kanta Landan ba ta cika samun dusar ƙanƙara mai yawa ba. Abin da ya fi addabar baƙo shi ne yayyafi da duhun gari. Marubucin ya ɗauko hunturunsa ne daga finafinai da hotunan kalanda, inda ido kaɗai ke aiki. Jiki bai shiga ba.

Wannan rauni yana da asali. Da yawa daga cikin manyanmu da labarin tafiyarsu ya shahara, ziyara suka kai. Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya je Ingila a 1934 tare da Sarkin Kano da na Gwandu, Alhaji Abubakar Imam kuma ya je a 1943 cikin ayarin 'yan jarida, wanda daga nan aka sami Tafiya Mabuɗin Ilmi. Baƙo mai masauki da ranar komawa, kallo ne aikinsa. Masu labarin hunturu su ne waɗanda suka zauna. Ɗorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da ya ratso Sakkwato tare da Bature Barth a 1853, ya isa Landan a 1855, bai dawo ba sai 1864. Abin da ya sa har yau ake karanta labarinsa, wanda ya fito cikin Magana Hausa a 1885, shi ne yadda yake sa ido kan ƙananan abubuwa, har da yadda Turawa ke cin abinci a tebur. Malam Aminu Kano kuwa ya tafi karatun malanta a Jami'ar Landan a 1946, sai ya faɗa cikin ɗaya daga hunturu mafi muni da Ingila ta gani a ƙarnin da ya wuce: daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Maris na 1947 ƙanƙara ta toshe hanyoyi, kwal ya yi ƙaranci, ana ɗauke wutar lantarki. Malami Bahaushe cikin ɗakin haya a irin wannan hali, ai littafi ne sukutum, amma mu muna can kan benci.

Harshenmu ma ya riga ya yi mana rabin aikin, in da muna saurarensa. Bahaushe ya bambanta ɗari da sanyi. Ɗari busasshe ne, shi ke kawo faso da fashewar leɓe, shi ke sa a nemi man kaɗe da kaskon wuta. Sanyi kuwa da laima yake tafe. Marubucin da ya san wannan zai gane cewa abin da ya tarbi tauraronsa a Ingila sanyi ne mai ratsa ƙashi, wanda bai saba da irinsa ba. Babban bambanci kuma shi ne namu ɗarin yana da iyaka a kowace rana: da rana ta ɗaga sai tsofaffi su fito gindin katanga shan hantsi. Can kuwa rana kan fito fes, ka miƙa mata hannu ka ji ba ta da ko ɗumi. Ni a ganina wannan yaudarar ta rana ta fi auduga mai zuba cancantar shafi guda.

Don kada a ce tarke na rushewa kawai na iya, ga misalin da ya burge ni. Wata tsohuwar ɗalibata da ta yi karatun likita a Yukren, har yaƙin 2022 ya koro su, ta kawo mini labari mai shafi huɗu kacal. Ba ta siffanta dusar ƙanƙara ko sau ɗaya ba. Ta nuna tauraruwarta tana koyon tafiya sabuwa, taku gajere-gajere kamar agwagwa, bayan santsi ya kayar da ita gaban mutane. Ta nuna ta tana cire riguna uku da zarar ta shiga aji, saboda ciki zafi waje sanyi. Ta nuna Azahar da La'asar da Magariba suna cin dugadugan juna tsakanin lacca biyu, har yarinyar ta tuna babin shafa a kan huffi da ta karanta cikin Risala a makarantar zaure, tana ganin ba ranar da zai yi mata amfani. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne na gaisuwa. A gida in an ce maka yaya sanyi, ka ce lokacinsa ne, a tsaya a tambayi mutan gida. Can kowa kansa a sunkuye, yana sauri ya shige. Sai ta ƙirga kwana tara ba wanda ya tambaye ta yadda ta kwana. A nan ne mai karatu zai gane cewa rabin sanyin kaɗaici ne.

Ita ma tana da nata laifi. Daga hunturun farko sai ta yi tsalle zuwa shekara ta uku, ta ce tauraruwar ta saba. To yaya aka yi ta saba? Wace rana ce ta fara fita ba ta ji tsoro ba, wa ya nuna mata takalmin da ya dace, me ta sayar ta saye shi? Sabon shi ne jigon, shi kuma ta tsallake. Sannan ta rufe da wa'azin haƙuri mai sakin layi biyu, wanda labarin bai nema ba.

Na tsananta ne saboda ina koyarwa a sakandare, na kuma san masu karanta littattafan nan a ƙarƙashin tebur. Cikinsu akwai masu mafarkin Ingila da Kanada da Rasha, wasu kuma za su je ɗin. Bai kamata mu sallame su da farar shadda ba. Ba sai marubuci ya taka ƙanƙara da ƙafarsa ba. Garin nan cike yake da malaman jami'a da likitocin da suka yi hunturu biyar ko shida a waje, kuma kofin shayi ya isa ya buɗe bakinsu.

Bayan an tashi, marubucin namu ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malam, ko in mayar da babin watan Yuli?" Na ce masa ya bar shi a Disamba, ya bar shaddar ma, amma masoyan su tashi daga bencin nan bayan minti biyar, yatsun yaron sun ƙage har ya kasa ɓalle maɓallin aljihunsa ya biya kuɗin mota. Ya yi dariya, ya ce zai kawo gyaran a zama na gaba.