Waɗanda Aka Ba Baki da Waɗanda Aka Ƙirga a Fim ɗin Shaihu Umar

Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 aka kuma nuna a bikin FESTAC na 1977 a Legas, ya samo asali ne daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934, ta hanyar wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara. Ya daɗe a ɓoye, sai da aka gano shi a Legas, aka gyara shi, aka nuna a Balin a 2018. Ana yawan yaba masa da cewa ya tara al'ummu iri-iri a labari guda, tun daga Kagara har ƙasar Masar. Yabon yana kan hanya. Sai dai tara mutane daban, ba su baki daban.

A dubi Larabawa tukuna. Abdulkarim ya karɓi yaron da ƙaddara ta jefa hannunsa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama shaihi. Ado kuwa ya yaudari uwar yaron, wadda ta fito nemansa, ta ƙare cikin bauta. Watau ba a yi wa Larabawa kuɗin goro ba. Akwai nagari, akwai azzalumi, kowa da sunansa da halinsa. Haka aka yi wa Hausawa: ga Makau mai gaskiya, ga fadawan da suka ƙulla masa sharri har aka kore shi daga gari.

To, amma mene ne asalin sharrin? Hari aka kai ƙasar Gwari, aka kamo bayi, aka zargi Makau da ɓoye wasu daga cikinsu. A nan ne ma'aunin ya karkace. Waɗannan mutane ba su da suna, ba su da uwa mai bin sawunsu. Ƙirga su ake yi kamar kan dabba, kuma duk rigimar a kan rabo take. Tausayin labarin yana ga ɗa Musulmi da aka bautar bisa zalunci, bai kai ga wanda aka kamo da izinin sarki ba. Za a iya cewa Shaihu ne ke ba almajiransa labari, idon zamaninsa ne ke gani. Wannan hujja ta ishi littafi. Fim kuwa yana da idon da ya fi na mai labari faɗi, domin fuskar wanda aka ɗaure tana bayyana ko ba ta yi magana ba. Abin lura kuma, marubucin da kansa ba daga tsakiyar Hausa ya fito ba: mahaifinsa Bagere ne, mahaifiyarsa Bafillata.

Mai kallo a Kazaure ko Roni ko Gwiwa ba baƙon wannan al'amari ba ne. Masarautar da Ɗantunku ya kafa a farkon ƙarni na 19 tana kan hanyar Kano zuwa Daura da Damagaram, kamar yadda Ɓaɓura take kan hanyar Magarya, kuma a da ta Damagaram ne ayari ke bi zuwa Agadas da Turabulus. A irin wannan ƙasa, inda Fulani da Haɓe da Bugaje ke cin kasuwa ɗaya, ɗakin kallo zai iya haɗa jikan madugu da jikan wanda aka kora cikin ayari. Na farko zai ga kakansa yana magana, yana ciniki, yana salla. Na biyu kuwa sai ya neme shi a cikin ƙirgar ganimar da aka kawo gaban Sarkin Kagara.