Gwanin da ke Karanta Gindin Harsashi

A cikin fistol, wato ƙaramar bindigar nan mai ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi, akwai wani siririn ƙarfe da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, kwance cikin rami a marfin sama mai zamewa. Shi ne allura. Idan aka ja kunama sai ta zabura gaba, ta daki ƙyastun da ke tsakiyar gindin harsashi, albarushi ya kama, sannan ta koma mazauninta. Duk tafiyar 'yan milimita ce. To, ranar da allurar nan ta fara cijewa, ranar ake gane wanda ya iya riƙe bindiga kawai da wanda ya san cikinta.

A Amurka gyaran bindiga sana'a ce ta fili, har makarantarta ake yi. Kwalejin garin Trinidad a jihar Colorado ta fara koyar da ita tun 1947 a hannun P. O. Ackley. A Najeriya kuwa, inda dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin abin da ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, aikin na masu kula da rumbun makaman soja da 'yan sanda ne. Ko a ina, abin da ke burge ni game da gwanin wannan aiki shi ne yadda yake daɗewa bai ɗauki ko da sukudireba ba.

Tambayarsa ta farko ita ce, a baya ta cije ko a gaba? In a baya ne, za a ja kunama a ji ƙas, shiru, bindiga ta ƙi tashi. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga jami'in da ransa ya dogara da ita. Amma cijewar gaba ta fi muni nesa ba kusa ba. Tsinin allura zai tsaya a waje, marfi ya dawo da ƙarfi ɗauke da sabon harsashi, ya kara shi da tsinin, bindiga ta tashi babu wanda ya taɓa kunama. Wani lokaci ba ta tsayawa sai ta ƙarar da abin da ke cikinta. Shi ya sa gwani ba ya yarda a ce masa babu komai a ciki. Da hannunsa zai zare gidan harsashi, ya ja marfi baya, ya leƙa, ya sa yatsa ya shafa, ya kuma fitar da duk wani harsashi mai rai daga kan teburin. Yakan kuma gargaɗi mai harbi cewa in bindiga ta yi ƙas, ya bar bakinta inda ya saita na kamar daƙiƙa 30, don akwai harsashi mai jinkirin kamawa.

Daga nan sai ya ce a kawo masa kwanson harsasan da aka harba, da waɗanda suka ƙi tashi. Nan ne ainihin gwanintar take. Yana duba gindin kwanso kamar yadda maharbi ke duba sawu a bakin rafi. Lafiyayyar allura tana barin rami mai zurfi, tsaf, a tsakiya ko daf da ita. In ramin ya yi kyau amma harsashi bai tashi ba, laifin harsashi ne, babu dalilin kwance bindigar mutane. In duk ramukan sun zo sama-sama, to wani abu na rage wa allura gudu a hanya, ko sifirin da ke turo ta ya gaji. In ramin ba zurfi kuma ya kauce gefe, sai ya yi zargin marfi ne bai rufe daidai ba, allura ba ruwanta. In harsashi ya ƙi a bugun farko ya tashi a na biyu, mai yiwuwa ƙyastun ne bai zauna sosai ba tun daga masana'anta, bugun farko ya zaunar da shi. In ya ga doguwar ƙarza ta fito daga ramin, ya san allura na makara wajen komawa. In kuwa ƙyastun ya huje, ya san ɓurɓushin ƙarfe da hayaƙi sun bi ta ramin allura sun taru a ciki. Har ƙirar bindiga yakan gane daga nan, don yawancin Glock suna barin tambari mai kusurwa huɗu, ba zagayayye ba.

Sai gwaji, kuma kowace ƙira da nata. A M1911, wadda John Browning ya zana sojojin Amurka suka karɓa a 1911, allurar ta fi raminta gajarta, sifirin ne ke maida ta baya. Gwani zai danna ta daga baya da ɗan tsinken ƙarfe ya saki, in lafiya take za ta dawo da kuzari. Amma ya san cewa daga 1983 kamfanin Colt ya ƙara wani ɗan makulli da ke tare allura sai an ja kunama, don haka sai ya danna makullin tukuna, kada ya ɗauki kariya a matsayin cuta. A Glock, wadda sojojin Ostiriya suka zaɓa a 1982, zai cire marfin, ya danne nata makullin, ya girgiza kusa da kunnensa. In ya ji ƙwar-ƙwar, hanya a buɗe take. Makarov ta Rasha, ta 1951, allurarta ba ta da sifirin ko kaɗan, yawo take a sake, saboda haka ɗan datti kaɗan ya isa ya riƙe ta a gaba. Akwai kuma gwajin fensir: a zura shi ta bakin bindigar da aka tabbatar babu komai cikinta, robar gogewa a ƙasa, a ɗaga sama a ja kunama. Tsallen fensirin shi ke faɗar ƙarfin bugun.

Galibi abin da ake tararwa a ramin shi ne mai. Mai bindiga yana ƙaunar kayansa, sai ya ɗiga mai ko'ina, har cikin ramin allura. Man nan zai haɗu da kunkunniyar albarushi da garin tagulla da fentin da ake shafa wa gindin wasu harsasan soja, ya zama danƙo. A ƙasashen ƙanƙara yakan daskare, a namu kuwa ƙurar hunturu ta ishe shi abokin haɗi. Tsoffin bindigogin soja da suka shekara a ajiye suna zuwa da busasshen giris ɗin adana ƙarfe, wanda shi ma haka yake yi. Maganin shi ne a fitar da allura, a wanke ramin da ruwan narkar da datti da ɗan tsinke mai auduga har audugar ta fito fara, a bar shi ya bushe ƙayau. Kamfanin Glock da kansa ya hana sa mai a wurin. Gwani ko goge fuskar marfi zai yi, yakan juya ta ƙasa don kada ruwan wankin ya gangara cikin ramin.

In wanki bai warkar ba, sai ya koma ga ƙarfen. Zai mirgina allura a kan gilashi, lanƙwasar da ido bai gani ba za ta nuna kanta. Zai duba bayanta ko dukan gudumar bindiga ya baje shi, ya duba tsini ko ya ɓantare, ya duba bakin rami ko ya yi ƙaiƙayi, ya jera tsohon sifirin da sabo ya ga wanda ya gajarce. A nan nake ƙara girmama shi, domin magagari na kusa da hannunsa amma ba ya ɗauka. Allurar da aka rage wa tsawo ba za ta kai ba, wadda aka fiƙe za ta huda ƙyastu. Abin da ya lalace sauya shi yake yi da na ainihi, kuma duk roƙon da za a yi masa ba zai cire makullin kariya don kunama ta yi laushi ba.

In ya harhaɗa, zai maimaita gwaje-gwajen nan babu harsashi, sannan ya tafi filin harbi da harsasai iri biyu ko uku. Zai tsince kwansunan ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta abin da ya sauya da ranar da ya sauya shi, kafin ya sa hannu a miƙa wa mai ita.