Tsoro A Jikin Tagulla: Tarken "Dattawan Calais" Na Rodin

Manufar wannan ɗan tarke ita ce mu dubi yadda Auguste Rodin (1840-1917), Bafaranshen nan gwanin ƙirar mutum-mutumi, ya sarrafa jigon jarunta a aikinsa na tagulla mai suna "Dattawan Calais".

Tushen aikin tarihi ne. A shekarar 1347, bayan Sarkin Ingila Edward na Uku ya yi wa birnin Calais ƙawanya ta wata 11, yunwa ta ci ƙarfin mutanen gari. Kamar yadda marubucin tarihi Froissart ya ruwaito, sarkin ya ce zai ƙyale jama'a muddin manyan gari shida suka fito ba takalmi ba hula, igiya a wuya, mabuɗan birni a hannu. Suka kuwa fito. Matar sarkin, Philippa, ita ta roƙa aka bar su da rai.

Da hukumar birnin ta nemi abin tunawa a 1884, abin da ido ya saba gani shi ne tauraro guda bisa dogon dandamali. Rodin ya kauce wa wannan turba. Ya zaɓi lokacin fitarsu, wato sa'ad da babu wanda ya san za a yi afuwa. Mutum shida ne kusan kai ɗaya, kowa da inda ya fuskanta. Tsoho Eustache de Saint Pierre kafaɗunsa sun rankwafa. Jean d'Aire ya riƙe mabuɗi, ya cije. Wani kuma ya dafe kai da hannu biyu. An ƙara wa hannuwa da ƙafafu girma da gangan, har mai kallo ya ji nauyin kowane taku. Dole ne kuma a kewaya su, domin babu kusurwar da ke nuna fuskokin shida gaba ɗaya.

'Yan kwamitin aikin sun yi ƙorafin cewa an nuna magabatansu a karaye. A ganinmu sun hangi tsoron daidai, fassararsa ce suka kuskure. Inda duk shidan sun fito suna tinƙaho, da mai kallo bai gane girman abin da suka sallama ba. Marubutanmu masu ƙaga jaruman da gabansu ba ya faɗuwa sai su lura.

An kafa aikin a 1895 bisa dandamali mai tsawo, alhali Rodin ya nuna sha'awar a ajiye shi dab da ƙasa, inda masu wucewa za su goga kafaɗa da dattawan. Sai bayan mutuwarsa aka sauko da shi, a gaban zauren hukumar birnin.