Ƙurar Kano da fim ɗin Kaufman ya manta

A 1983 Philip Kaufman ya fitar da The Right Stuff, wanda masu kallo a Nijar suka fi sani da sunansa na Faransanci, L'Étoffe des héros. Ya samo labarin daga littafin Tom Wolfe na 1979, kan matuƙa bakwai da Amurka ta zaɓa a 1959 domin shirin Mercury. Fim ne mai tsawon fiye da awa uku, ya kuma ci lambobin Oscar huɗu.

Ƙarfinsa na wurin John Glenn, wanda Ed Harris ya fito a matsayinsa. Kaufman ya nuna shi a matsayin miji kafin gwarzo. Matarsa Annie mai in'ina ce, kuma da ta ƙi karɓar mataimakin shugaban ƙasa Johnson da ƴan jaridarsa a gidanta, Glenn ya mara mata baya ta waya, ko da hakan zai ja masa fushin manya. Wannan fage ya fi tashin roka nauyi.

Sai dai fim ɗin ya yi rowa wajen Afirka. Ranar 20 ga Fabrairun 1962 Glenn ya kewaya duniya sau uku cikin kumbon Friendship 7, ɗaya daga tashoshin da suka bi sawunsa kuwa tana Kano. Ya shaida wa ma'aikatanta cewa yana hango guguwar ƙura, suka amsa masa cewa iska ta yi mako tana kaɗawa. Hunturun da ya rufe Kano a watan nan shi ne yake rufe Matankari da Tibiri. Kaufman ya tsallake wannan, ya tafi tashar Muchea ta Ostireliya, inda ya ƙirƙiro ƴan asalin ƙasar zaune gaban wuta, tartsatsinta na tashi kamar zai riski kumbon. Baƙin mutum ya samu gurbi a matsayin ado da tsafi kawai.

Mutanen Arewa sun san muhimmancin wanda ke riƙe da kyamara, tun da Med Hondo ya ɗauki labarin Sarauniyar Lugu a 1986. Malamin da zai nuna wa ɗalibai fim ɗin Kaufman ya kyautu ya shiga aji da taswira, ya sa su nemo Kano a kan hanyar Glenn kafin a kashe fitila.